Kwalaben Suwaiba Ashirin da Huɗu

Suwaiba Sharafaddeen ɗaliba ce a shekarar ƙarshe a sashen kimiyyar sinadarai na wata jami'a a Jos. Tun shigarta babu wanda ya taɓa wuce ta a jarrabawa. Ita ce kuma ta kafa ajin da ake koya wa 'yan matan unguwar Dutse Uku lissafi kyauta ranar Lahadi. Amma tana da hali guda da ya dame waɗannan duka: zargi. Idan ka yaba mata, sai ta ce akwai abin da kake nema. Idan ka tambaye ta ina aiki ya kwana, sai ta rufe littafinta.

A wannan shekarar sunanta ya fito cikin mutum uku da ake duba wa lambar yabo ta ɗalibin da ya fi kowa hazaƙa. Wanda ya samu, za a ba shi gurbin karatun digiri na biyu. Abin da ya rage kawai shi ne kowa ya gabatar da bincikensa gaban kwamiti.

Binciken Suwaiba a kan ruwan rijiyoyi ne. Yara suna yawan ciwon ciki a unguwarsu, ita kuma tana zaton wasu rijiyoyin suna jan ruwa daga tsofaffin ramukan haƙar kuza. A tsakiyar damina ta bi gida-gida, ta ɗebi ruwan rijiyoyi ashirin da huɗu a kwalabe iri ɗaya. A gidan ƙarshe wata dattijuwa mai suna Inna Lai'atu ta riƙe mata guga.

"'Yar nan, in kin gano mai cutar ki faɗa mana. Jikokina huɗu a nan suke sha."

"In sha Allahu, Inna. Ke zan fara faɗa wa."

Ƙa'idar ɗakin gwaje-gwaje ita ce a rubuta sunan wuri a jikin kowace kwalba, a kuma shigar da shi babban littafi. Mai kula da ɗakin, Oga Dalyop, ya turo mata littafin. Suwaiba ta dubi littafin, ta dubi Chinonye da ke wanke kayan aiki a gefe. Chinonye 'yar unguwar Congo-Russia ce, ita ma tana cikin mutum ukun nan.

"Zan cika daga baya, Oga," in ji Suwaiba.

A ranta ta ce, littafin da kowa yake buɗewa? Sai ta yi dabara. Ta rubuta sunayen gidajen a takardu, ta cakuɗa su, ta manna wa kowace kwalba wanda ya faɗo hannunta. Ba ta ma riƙe wace ƙarya ta hau wace kwalba ba. Gaskiyar tana cikin jeri: ta jera kwalaben a firiji daidai yadda ta bi gidajen, daga rijiyar bakin masallaci har zuwa ta Inna Lai'atu. Duk wanda ya saci aikin, shirme ya sata.

"Suwaiba, wannan kallo fa?" Chinonye ta ce tana dariya. "Ni ganyen magani nake yi. Me zan yi da ruwan rijiya, miya?"

"Kowa dai ya tsaya kan nasa."

"To, madam. Allah ya ba da haƙuri."

Ranar wata Asabar da hantsi firijin ya lalace. Chinonye ce ta shigo duba ganyayenta ta tarar ruwa yana bin ƙasa. Ta san idan kwalaben suka yi zafi aikin Suwaiba ya tashi a banza. Ta kira ta a waya har sau bakwai. Suwaiba tana gida tana kallon sunan yana haske. Me wannan take so da ni ranar Asabar? Bugun ciki ne. Ta kife wayar.

Da ba a ɗauka ba, Chinonye da Oga Dalyop suka kwashe kwalaben a kwali suka hau da su bene zuwa wani firijin. Don kada a samu ruɗani, Chinonye ta jera su tsaf bisa haruffan sunayen da ke jikinsu.

Ranar Litinin Suwaiba ta buɗe sabon firijin, ta ga an sauya jerin kwalaben.

"Wa ya taɓa mini jeri?"

"Ni ce," in ji Chinonye. "Ko ɗaya ba ta fashe ba. Ga sunaye nan, ki duba."

"Da ma na sani! Tun farko nake ganin take-takenki."

"Haba Suwaiba," Oga Dalyop ya ce. "Yarinyar nan sau uku tana hawa bene da kayanki. Godiyar ke nan?"

Suwaiba ba ta tsaya ba. Ta rubuta ƙara ga kwamiti cewa an lalata mata bincike da gangan. Aka kira ta tare da Chinonye da Oga Dalyop. Shugabar kwamitin, Farfesa Maimunatu, mace ce mai magana a hankali. Ta saurari kowa, sannan ta sa aka kawo kwalaben.

"Suwaiba, na ga kwalba ashirin da huɗu, kowace da sunanta. Me ya ɓace?"

"Jerin, Farfesa."

"Ina ruwan jeri, tunda ga suna? Wannan ta ce Gidan Lukuman. Ba ruwan gidan Lukuman ba ne?"

Suwaiba ta dubi kwalbar.

"Ina jin ki."

"Ba shi ba ne."

"Wa ya rubuta?"

"Ni ce."

Farfesa ta buɗe babban littafi, ta ga shafin Suwaiba fari fat. Ta karɓi wayar Chinonye, ta ga kira bakwai. Ta cire tabarau ta ajiye.

"Kin yi wa ɓarawo tarko, ɓarawo bai zo ba. Mai taimako ne ya zo."

Aka cire sunan Suwaiba daga takarar. An auna ruwan duk da haka, aka samu kwalabe biyar masu gubar da ta wuce ƙima. Zatonta ya tabbata, amma babu mai iya cewa daga waɗanne gidaje suke. Damina kuma ta wuce, ruwan ƙasa ya ja baya, sabon awo sai baɗi.

Da yamma tana komawa gida ta tarar da Inna Lai'atu a bakin rijiya, ƙaramar jikarta tana riƙe da kofi.

"'Yar boko, an gama? Tamu tana ciki ko babu?"

Suwaiba ta dubi kofin.

"Inna, ku daina shan ta tukuna. Ban sani ba."

"Ba ki sani ba? To ruwan da kika ɗiba fa?"

Washegari ta je ta sami Chinonye, wadda aka ba lambar, ta nemi gafara. Chinonye ta ce, "Ya wuce. In ruwa ya sauko ki kira ni, mu bi gidajen tare. Amma ni zan riƙe biro."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, taka-tsantsan daban, mugun zato daban. Ilimi amana ne da ake riƙewa tare da mutane, shi ya sa aka yi masa ƙa'idar rubutawa a fili. Wanda ya ɗauki kowa ɓarawo zai kulle ƙofa har a kan mai kawo masa ɗauki, kuma ba shi kaɗai zai yi asara ba, har da waɗanda suka dogara da shi. Ɗalibi, ka tsare aikinka da gaskiya, kada ka tsare shi da ƙarya.