Yadin Mutane a Cikin Randa

An yi wata baiwar Allah a wani ƙauye, tun da daɗewa, sunanta Lantana. Keken ɗinki gare ta a ɗaki, da shi take ciyar da kanta da mijinta, Malam Barau, wanda ciwon ƙafa ya zaunar. Ku saurara, ku na baya ku bar hirar nan!

Wata shekara aka yi fari. Rijiyoyi suka ƙafe, ciyawa ta bushe ƙayau, randar Lantana ko ɗigo babu. A hakan fa wasu samari suka cinna wa daji wuta, wai farautar gafiya suke. Gafiya, jama'a! Iska ta kwaso wutar ta nufo gari.

Sallah ta matso, ɗakin cike yake da yadin mutane. Malam Barau ya ce, "Lantana, ja keken nan mu fita, shi ne abincinmu!"

Ta ce, "Malam, keke nawa ne. Yadin nan kuwa na mutane ne."

Babu lokacin yin duka biyun. Ta cusa yadin a busasshiyar randar, ta rufe bakinta da tasa, ta tura ƙasa a kai, ta kama mijinta suka fita. Ɗaki ya ƙone, keke ya tashi aiki.

Washegari mata suka zo jaje, suna cewa, "Mun yafe, Lantana, ai wuta ce." Ku lura, ba wadda ta san zancen randa. Da ta yi shiru ta kai yadin wata kasuwa, da ta sayi wani keken. Sai ta ture toka, ta buɗe, ta miƙa wa kowacce nata.

Wata maƙwabciya, Kuluwa, ta shinshina nata ta ce, "Yaya, ai warin hayaƙi yake! Kuma ga Sallah, ba a ɗinka ba?"

Wallahi duk sanda na zo nan raina sai ya ɓaci. Mace tsaye a kan tokar ɗakinta! Lantana ta ce, "Kawo, ƙanwata, zan yi miki da hannu." Ta ari allura, ta zauna gindin bango ta ɗinka.

Amana, jama'a, ita ce ka mayar da abu bayan mai shi ya fid da rai, ko ya gode ko bai gode ba. Kai da fartanyar maƙwabcinka take bayan ƙofarka tun bara, kana jira ya manta, wace wuta ce ta tashi a gidanka?