Malam Hambali da Birkin Babur

An yi wani mutum, bawan Allah, a wani gari da ba zan ambaci sunansa ba, domin jikokinsa suna raye. Sunansa Malam Hambali. Masinja ne a ofishin En'e, aikinsa kai takardu daga wannan ofishi zuwa wancan, da tsayuwa a bakin ƙofa har a kira shi.

Ku bari in ajiye muku labarin a lokacinsa, domin ba na son labarin da ba a san shekararsa ba. A farkon 1975, wadda ta yi daidai da 1395 ta Hijira, gwamnati ta biya ma'aikata ƙarin albashi haɗe da na watannin baya, kuɗin da aka riƙa kira Udoji. Yaran yanzu suna zaton tun da can babur yake a ƙasar nan kamar jaki. A'a. Kafin wannan shekara, a ƙaramin gari ba ka ganin babur sai wurin malamin asibiti da malamin gona da hedimasta. Bayan Udoji kuwa, har kaji sai da suka koyi tsallaka hanya da gudu.

Malam Hambali ya sayi nasa, ɗan ƙarami, wanda wani ya riga ya hau. Garin ba bakanike, sai an tafi birni. Saboda haka ya mai da zaurensa gareji. Ran Lahadi, da yake babu aiki, sai ya shimfiɗa buhu, ya jera sifana da filaya, ya ajiye gwangwanin madara na zuba notuna don kada su ɓace cikin ƙasa. Ya koyi kankare fulogi, ya koyi juye baƙin mai, ya koyi ɗaure cen, wato sarƙar babur, da yin faci. Ba wanda ya koya masa. Kwancewa yake yi ya duba, ya mayar.

Sannu a hankali sauran masu babur suka fara turo nasu ƙofar zaurensa. Yana dubawa, ba ya karɓar komai, ko goro aka miƙa masa sai an matsa. Sai aka sa masa suna Injiniya. In an kira shi haka yakan sunkuyar da kai ya ce, "Ni dai masinja ne." Amma ku saurara, jama'a, ɗan Adam ne. Sunan yana yi masa daɗi. Mutumin da ya yi shekaru ana ce masa "kai, zo nan", yau manyan gari suna durƙusawa gefensa suna tambayarsa abin da ya sa injinsu ke tari.

Ana nan sai birkin baya na baburinsa ya fara ƙara. Duk sa'ad da ya taka, sai ka ji ƙiiii, har ƙarshen unguwa. Hanyarsa ta gida kuwa ta ƙofar Mai Unguwa take bi, inda dattawa ke zama bayan la'asar. A cikinsu akwai wani mahauci, Tanko, wanda bakinsa ba ya ƙyale kowa. Ran nan Malam Hambali ya taka birki don ya gaishe su, Tanko ya toshe kunnuwa.

"Injiniya! Babur ka saya ko akuya mai naƙuda?"

Aka kwashe da dariya. Malam Hambali ya yi murmushi ya wuce, amma abin ya shige shi. Mai gyaran na mutane, nasa na kuka a tsakiyar gari!

Ran Lahadi da safe ya cire tayar baya, ya buɗe inda birkin yake. A ciki akwai ƙarafa biyu masu fata, waɗanda ke damƙe taya idan an taka. A saninsa, duk ƙarfen da ke ƙara, mai yake nema. Ya lakato girisi da yatsa, ya shafa a mahaɗar ƙarafan. Ya tuna dariyar Tanko, ya ƙara lakatowa. Ya mayar da taya, ya juya ta da hannu, ya taka, shiru. Ya yi hamdala, da niyyar in ya ci abinci zai hau ya gwada.

Bai kai ga gwadawa ba sai ga sallamar maƙwabcinsa, Mati birkila.

Wannan Mati, dole in faɗa muku ko wane ne. Ya yi shekaru yana shan giya, har surukinsa, Baba Nadabo, ya taɓa ɗauke 'yarsa Ladiyo daga gidansa. Daga baya Allah ya shirye shi. Ya daina, ya kama salla, ya kama aikinsa, aka mayar masa da matarsa bisa sharaɗin cewa in ya sake, babu sauran magana. Tubansa ya kai shekara biyu, amma har lokacin in ya shigo masallaci akwai masu matsowa kusa da shi don su shinshina.

Mati ya ce, "Malam, alfarma nake nema. An yi wa Baba rasuwa a ƙauye hayin kogi, ƙafarsa kuma ba ta kai shi. Ya ce in nemo abin hawa in kai shi ta'aziyya. Tun da abin nan ya faru bai taɓa aikena ba sai yau."

Malam Hambali bai taɓa hana aro ba. Ya miƙa masa makulli ya ce, "Allah ya jiƙan musulmi. Ku sauka lafiya."

Hanyar kogin tana da gangare mai tsawo kafin a kai gada. A kan wannan gangare Mati ya taka birki, babur bai rage gudu ba. Ya sake takawa, kamar ya taka iska. Birkin hannu kuwa a zamanin tsoronsa ake yi, ana cewa yana wurgar da mutum, shi kuma Mati ba gwani ba ne. Suka daki ginin gada. Mati ya fashe goshi, Baba Nadabo ya karye a hannu.

Kafin magariba magana ta gama gari: Mati ya koma ruwa. Wani ya ce ya ga idonsa ja tun da safe. Wani ya ce da aka ɗaga shi ya ji wari. Fetur ne ya zube masa a riga, amma ba wanda ya tsaya bambancewa.

Washegari aka zauna a ƙofar Mai Unguwa. Baba Nadabo da hannu a ɗaure, Mati a durƙushe gefe, kansa naɗe da bandeji. Ya ce, "Ranka ya daɗe, na rantse da wanda ya halicce ni, ban sha komai ba. Birki ne ya ƙi."

Mai Unguwa ya juya ya ce, "Injiniya, kai ne mai babur. Birkinka yana da matsala?"

Malam Hambali ya ce, "Allah ya taimake ka, da safiyar ranar na duba shi da hannuna."

Ku lura da kyau. Bai yi ƙarya ba. Kowace kalma da ya faɗa gaskiya ce. Amma da ya faɗe ta, sai dattawa suka gyaɗa kai, Tanko ya ce, "To, shi ke nan. Abin da Injiniya ya duba ba ya ƙi." A ranar Baba Nadabo ya aika aka kwaso Ladiyo da 'ya'yanta.

An kawo baburin a amalanke an jingine a zaure. Malam Hambali, wanda ba ya iya ganin noti a kwance bai ɗaure ba, ya yi kwanaki yana ratsa shi ba ya dubansa. Zuciyarsa ta riga ta gaya masa abin da zai gani. Ta katanga kuma yana jin gidan Mati ya yi tsit, ba daka, ba kukan yaro.

Da abin ya ishe shi, ya shimfiɗa buhu ya cire tayar. Zafin tafiya ya narkar da girisin, ya malale, ya jiƙa fatun nan biyu sharkaf, sai sheƙi suke yi. Ya goga yatsa a kai, yatsan ya zame. Ya zauna daɓas. Ga kwalbar fetur a gefensa, ga tsumma. In ya jiƙa ya goge, kafin ruwan shayi ya tafasa babu sauran shaida a duniya.

Matarsa Yalwa ta leƙo don kiransa cin abinci, ta ga fuskarsa. Ya nuna mata, ya gaya mata komai. Mace ce mai hankali, ba ta ce ya ɓoye ba. Cewa ta yi, "Malam, ai ba da gangan ka yi ba. Ka shiga wurin Mati, kai da shi, ka roƙe shi gafara. Sa'an nan ka bi Baba Nadabo gida ka lallashe shi. Me zai kai ka gaban su Tanko? Yaga ka za su yi."

Sai ya ce, "Yalwa, a ina na faɗi maganar da ta raba shi da iyalinsa?"

Ta ce, "A ƙofar Mai Unguwa."

Ya ce, "To, in na gyara ta a ɗaki, waɗanda suka ji ta a can da ita za su mutu."

Bayan la'asar ya ɗora tayar a ka kamar mai talla, ya riƙe ƙarafan birkin a hannu, ya ratsa unguwa. Ya tsaya ya kira Mati, wanda ya fito da ƙyar, ya ce ya biyo shi. Tun daga nesa Tanko ya hango su ya ce, "Yau kuma Injiniya taya yake talla? Nawa nawa?"

Malam Hambali ya sauke tayar a gaban Mai Unguwa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Ya miƙa masa ƙarafan birkin.

"Allah ya taimake ka, ina roƙo ka taɓa wannan da yatsanka."

Mai Unguwa ya taɓa, ya duba yatsansa ya ce, "Wannan ai maiƙo ne."

"Girisi ne, ni na shafa shi. Birki yana ƙara, aka yi mini dariya a nan wurin, na ji kunya, na shafa masa mai don ya yi shiru. Ban sani ba ashe wurin nan ba ya son mai ko ɗigo. Ban gwada ba na ba da aro. Ko wane ne ya hau baburin nan ranar, ginin gada zai daka. Mati gaskiya ya faɗa. Kuka tambaye ni, na ba ku amsar da ta kare sunana. Kuma na yi kwanaki ina zargin haka, na ƙi buɗewa."

Baba Nadabo ne ya fara magana, yana nuna shi da hannun mai lafiya. "Ashe kai ka karya ni! Ka bar ni na tozarta yaron nan a gaban jama'a, kana zaune kana kallo!"

Malam Hambali ya ce, "Haka ne, Baba."

Tanko ya ce, "Girisi a birki! Ko ni da nake fawa na san ba a shafa wa igiyar ɗaure sa kitse. Injiniya ko Mai-girisi?"

Wasu suka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba, domin kowa ya tuna abin da bakinsa ya faɗa a kan Mati. Wanda ya ga jan ido ya duƙar da kai. Wanda ya ji wari ya tashi ya ce zai je ya sake alwala.

Baba Nadabo bai iya ba surukinsa haƙuri da baki ba, girma ya hana. Kafin a kira magariba dai aka ga Ladiyo da 'ya'yanta sun nufi gidan Mati, da ƙullin goro daga mahaifinta.

A hanyar komawa Malam Hambali ya ce, "Mati, ka yafe mini."

Mati ya tsaya. Ya ce, "Malam, jiya har ƙofar gidan giya na kai. Na ce tunda na bari ba a yarda ba, bari in sha, a zage ni a kan abin da na yi. Na tsaya, na ga wani da na sani a ciki, na juyo. Na ce bari sai gobe, wato yau." Ya share fuska da hannun riga. "Na yafe maka. Amma da ka ƙara kwana, ban san wanda za ka tarar ba."

Sunan Mai-girisi bai bar Malam Hambali ba har ya koma ga Allah. Ba wanda ya sake turo babur ƙofar zaurensa. Ya ci gaba da gyara nasa shi kaɗai, in ya zo wucewa ta ƙofar Mai Unguwa sai ya sauka ya tura, kansa a ƙasa. Bai taɓa zama ya ba da labarin a matsayin abin yabo ba. A wurinsa abin kunya ne, kuma da kunyar ya rayu.

To, jama'a, ku saurara. Malamai sun karantar da mu cewa kunya tana daga imani, amma ba kowace kunya ba. Akwai kunyar mutane, ita ce ta sa shi shafa girisi, ita ce ta sa shi ba da amsa rabi, ita ce ta hana shi buɗe taya. Akwai kuma kunyar Allah, ita ce ta ɗora masa tayar a ka. Ta farko tana kare sunanka da mutuncin wani. Ta biyu tana sayen mutuncin wani da sunanka. Wanda ya ɓata ɗan'uwansa a gaban jama'a, a gaban jama'a zai wanke shi, kuma ba gobe ba.

Kada ku tashi kuna cewa Allah sarki Malam Hambali. Ku duba kanku. A cikinmu akwai wanda ya yi kuskure a wurin aiki, aka kori na ƙasa da shi, ya yi shiru. Akwai wadda ta ɓatar da abu a gida, aka doki 'yar riƙo, ta kau da kai. Akwai kuma mu, masu zama a majalisa, waɗanda in mutum ya tuba muke zuba ido mu ga ranar da zai koma, don mu ce dama mun faɗa. Duk wanda ya san akwai wani da ke ɗauke da laifinsa a yau, ya sani mutumin nan ƙarfinsa yana ƙarewa, kuma ba a gaya maka ranar da zai ƙare ba. Ka tashi daga nan ka je. Za a yi maka dariya, watakila a sa maka suna. Ka je duk da haka.

Allah ya ba mu kunyarsa fiye da kunyar bayinsa, ya jiƙan Malam Hambali, ya sa mu iya abin da ya iya kafin lokaci ya ƙure mana.