Mai Amya da Tsiron da Ke Cin Ƙwari

Jikokina, ku matso, a bar motsi.

Akwai wani mutum mai kiwon zuma, amyarsa uku a kan ɗorawar bayan gida. Ƙudaje suka dame shi a tsakar gida, sai wani baƙo ya ba shi wani tsiro a kasko. Ganyensa kamar ƙaramin tulu ne mai murfi, bakinsa da zaƙi. Ƙwaro ya sauka ya lasa, sai santsi ya ja shi ciki. Can ciki akwai gashi mai kallon ƙasa, ba hanyar hawowa, ga ruwa a gindi da ke narkar da shi a hankali.

Baƙon ya ce, "Kada ka sa masa taki, zai mutu. Ban da ruwan rijiya, sai na sama. Ka ba shi rana, kada ƙasarsa ta bushe."

Mutumin ya kiyaye. Ya tara ruwan sama a randa, ko awakinsa bai bari sun sha ba. Tsiro ya yi 'ya'ya, ya rarraba, kasko ɗaya ya zama ashirin, har gindin ɗorawa.

Matarsa ta ce, "Maigida, abin nan tsoro yake ba ni. Wa ya gaya masa wanne ƙwaro ne naka?"

Ya ce, "Ƙazaman ƙudaje yake ci. Ki bar ni."

Rani ya yi, fure ya ƙare a daji. Zuma suka bi zaƙin tsiron.

Ranar ɗibar zuma ya hau ɗorawa da hayaƙinsa. Bai ji ƙugi ba. Ya ɗaga amya, sakayau. Ya sauko, ya tsaga tulun tsiro ɗaya da wuƙa. Fikafikan zuma ne da ƙafafu, baƙi ƙirin, da wari. A na gaba akwai ɗaya da sauran rai, tana ta kama bango tana zamewa.

To, ma'anar misalin nan ga ta, ba zan ɓoye muku ba. Tsiron nan ƙiyayya ce. Ba ta rayuwa sai an yi mata hidima, kullum kana tuna abin da aka yi maka, kana ba ta ruwa. Kana cewa don maƙiyi ka ajiye ta. Amma ba ta da ido. Zuman nan mutanen gidanka ne, su ne kusa, su za ta fara ci.

In akwai wanda kake riƙe da shi a zuciya, ka kai wa Yesu yau ya tumɓuke, ka je ka gafarta. Kada ka jira ranar da za ka kira a gidanka, ka ji shiru.