Hayaƙin Injin Goggo Tabawa

Jama'a ku matso. Kawuna ne ya ba mu wannan ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, har yau musu muke a gida, shi ya sa na ce bari in kawo muku.

Wai a Malumfashi akwai wata tsohuwa, Goggo Tabawa, mai injin niƙa irin mai shan man dizal ɗin nan. Mijinta ne ya rasu ya bar mata. Inji ya tsufa, hayaƙi baƙi ƙirin, har ya kama mata ƙirji, tari ba sauƙi. Likita ya ce in ba ta rabu da hayaƙin nan ba, zai kwantar da ita. Ita kuma ta ce in injin ya tashi, ji take kamar Malam ne ke gyaran murya a zaure, ba mai fitar mata da shi. Sai 'ya'yanta uku suka ce, to a bar injin, a kashe hayaƙin.

Babban, Badamasi, ɗan kwamfuta ne. Ya kwance injin ya auna cikinsa, ya zana shi a kwamfuta, ya sa ta kwaikwayi yadda nozul, wato bakin da ke fesa mai, yake watsa shi cikin silinda, inda man ke ƙonewa. Abin da ke wucewa kafin ka ƙifta ido, a allon kwamfutar sai ya koma a hankali, shuɗi da ja, kamar yayyafi a mafarki. Goggo ta leƙo ta ce, "Kai Badamasi, yanzu duk wannan kyan yana cikin baƙin ƙarfen nan?" Kafin shi, ba wanda ya taɓa ganin abin da ke faruwa a ciki.

Amma fa da aka saita injin yadda hoton ya nuna, hayaƙin ƙaruwa ma ya yi. Sai Hindatu, ta tsakiya, malamar kimiyya, ta zauna ta zuba wa allon ido. Can ta ce, "Yaya, kwamfutarka ta ɗauka a tsakar gida ake fesa man nan." Ta ce a can ciki, zafi da matsi sun kai inda mai ke daina zama ɗigo-ɗigo. Ba ruwa ba ne, ba tururi ba ne, narkewa yake cikin iska kamar turaren wuta cikin zane. Ta rubuta masa lissafin halin mai na gaskiya in an matse shi. Da aka sa lissafin a kwamfutar, yayyafin nan ya ɓace, ya koma gajimare mai birgima, sai ga shi ƙarara: man dunƙulewa yake waje ɗaya, ba ya samun iskar da zai ƙone. Ana son ramukan nozul su fi haka sirantaka, a kuma ƙara ƙarfin fesawa.

To irin wannan nozul ɗin babu shi a kasuwa. Nan auta, Mudi bakanike, ya shigo. Ya samo na wani injin daban mai ramuka kamar silin gashi, ya yi ta goge shi har ya zauna daidai. Yana matsa famfon gwaji da hannu, yana kallon feshin cikin hasken ranar da ke ratsowa ta hudar kwano, yana waiwayar allon, har na hannunsa da na kwamfuta suka zama kamar tagwaye.

Aka tada inji. Hayaƙi siriri, da ƙyar ka gan shi. Kafin damina ta wuce, tarin Goggo ya lafa.

Rannan ta tara su ta ce, "Tunda na ga injin nan yana numfashi lafiya, ni ma zan huta. Ɗayanku zan ba shi tun ina raye, ku dai kun san inji ba ya rabuwa uku."

Nan kawu ya gyara hula ya bar mu da juna.

To ku fa? Wanda ya nuna cikin injin, ko wadda ta gyara abin da ake gani, ko wanda ya mai da hoton ƙarfe, wa Goggo za ta ba?