Hawainiya a Gayyar Gafiya

Ga ta nan tafe, ga ta nanku!

Ta iso mu ji ta.

"Wallahi ba za ki sha ba!" in ji Gafiya, ta rungume ƙwaryar fura. Gayya ta kira a gonarta, dabbobi sun wuni suna noma, sai da aka sauke fura Hawainiya ta ɓullo da ludayinta.

"Haba Yaya Gafiya," in ji Hawainiya, tana jan murya kamar mai ciwon haƙori, "tun safe ina nan. Launin ƙasa na koma, shi ya sa ba ku gan ni ba."

"Ji maƙaryaciya! Bara mu muka nome miki gona tas. Yau makaɗi ya kira sunanki har muryarsa ta dushe. Ina fartanyarki?"

"Ita ma ta koma launin ƙasa."

Bushiya ta fusata ta ce, "Kowa ya miƙo hannu! Mai kantar noma a hannu kaɗai zai sha."

Gafiya ta ajiye ƙwarya tana duba hannuwa. Da ta waiwayo, fura ta koma rabi, Hawainiya kuwa babu ita.

"Wace marar kunya ce a furata?"

Sai gefen ƙwarya ya yi gyatsa, ya ce, "Ba kowa, Yaya. Ƙwarya ce."

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, tatsuniya ta koma raminta.