Kabarin da Pelenato Bai Gina Ba

Akwai wani mutum a ƙauyenmu, nan kudancin tsibirin Upolu, mai suna Pelenato. Sana'arsa yankan ciyawa da inji da shafa wa kaburbura farin fenti. Kun dai san yadda muke: mamatanmu suna kwance a ƙofar gida, rabin rayayyunmu kuma suna ƙetare, a birnin Auckland, suna aikin kamfani. Na can su turo kuɗi, Pelenato ya gyara na kwance.

Kullum da hantsi yana bakin kantin Lusia, ya jingine inji yana cika baki.

"Duk tsibirin nan babu wanda ya iya yanka farashi kamata. Ni ban taɓa faɗuwa a aiki ba. Har matattu biyana suke yi."

Abokinsa Ueli shi ma sana'ar yake yi, amma da awa yake lissafi. Pelenato ya mai da shi abin dariya.

"Kai Ueli, ga ka da sauri, amma kana sayar da awa. Duk ranar da ka yi sauri, kanka ka cuta."

"To in yi jimla ke nan?"

"Jimla? Ka je ka tarar ciyawa ta kai wuya, mai gida ya ce ai an gama magana. Ni ɗaya-ɗaya nake lissafi. Kowane kabari talatin a kuɗinmu na tala: yanka, shara, fenti. Mutumin Auckland ya ji talatin ya ce da arha. Bai san kakanni nawa gare shi ba."

Lusia ta leƙo ta taga. "Sarkin farashi, ɗauke injinka daga ƙofa, kana kore mini masu saye."

A gaskiya tsarin ba shi da laifi. Mai biya ya san abin da zai biya, mai aiki ya san abin da zai samu. Matsalar ɗaya ce: Pelenato ne mai ƙirgawa.

Wata rana wata mata mai suna Sieni ta kira shi daga Auckland. Gidansu na gado yana tsohon gari, can bakin ruwa, inda kowa ya tashi tun shekarar da teku ya shigo.

"Baba Pelenato, kaburbura nawa ne a wurin? Ni ina ƙarama muka tashi."

"Bari in je in gani, 'yata. Talatin ne dai kowanne, ba ƙari."

Ya je. Hanya ta mutu, sai da ya ɗauki inji a kafaɗa ya yi ta tafiya. Ciyawa ta kai masa ƙirji. Ya yini yana yanka, fetur ya kusa ƙarewa, sannan kaburbura suka bayyana. Guda uku.

Ya zauna a kan wani kututture yana haki. A karon farko tsarinsa ya cije shi. Da ya kira Sieni ya ce hanya da nisa, fili da faɗi, a ƙara masa wani abu, da ta ƙara. Amma ya riga ya ce ba ƙari, kuma ya hango dariyar Ueli.

Bayan kangon gidan ya ga tarin baƙaƙen duwatsu masu santsi. Ya kwaso, ya jera su siffar kabari biyu kusa da na gaskiyar, ya zuba yashi, ya shafa fenti. Ya ɗauki hoto ya tura.

"Biyar ne, 'yata. Allah ya ji ƙansu."

Ya san abin da ya taɓa. In dattawan ƙauye suka ji an yi wasa da kabari, za su hana shi aiki. Mutanenmu na Auckland kuwa coci ɗaya suke zuwa. In ɗaya ta ji, duka sun ji. Amma wa zai je tsohon gari ya duba?

Da wata ya zagayo ya koma, rana tsaka. Abin da ya fara lura da shi shiru ne. Babu kukan tsuntsu. Teku yana gabansa, yana ganin igiyar ruwa tana fashewa, amma ƙarar kamar daga wani gari take zuwa.

Ya ƙirga. Ya murtsuke ido ya sake ƙirgawa. Shida.

Na shidan yana gefen nasa biyun. An jera duwatsunsa da kyau, aikin da ya fi nasa nesa ba kusa ba. An share yashin sumul, babu sawun ƙafa ko ɗaya. Ciyawa ta tsiro ko'ina, amma ba ta hau kansa ba.

Da ya matso, injin ya mutu a hannunsa. Ya ja baya, ya ja igiya, injin ya tashi. Ya sake matsowa, injin ya sake mutuwa.

Ban san abin da ya sa shi ba, amma ya kwantar da injin a gefen kabarin don ya auna. Injin nan a tsaye iyakarsa haɓar Pelenato. Kabarin ya fi injin da kai ɗaya. Daidai tsayin Pelenato.

Wani da gudu zai yi. Amma kada ku manta, ɗan kasuwa ne. Ya buɗe gwangwanin fenti ya shafe kabarin tas, ya ɗauki hoto, ya rubuta: shida.

Sieni ta kira. "Baba, wancan wata biyar, yanzu shida? Wa ya rasu ba a gaya mana ba?"

"Ciyawa ce ta rufe shi, 'yata. Wani kawun kakarki ne, masunci. Tuiasi sunansa."

"Allah sarki, ban taɓa jin labarinsa ba. To da Kirsimeti za mu zo mu yi musu siminti, mu sa wa kowa sunansa."

Tun daga ranar ko gwaza Pelenato ya daina ci. Ya rame har zaninsa ya koma zagaye shi sau biyu. Ya tare Ueli a bayan coci.

"Gaya mini gaskiya, kai ka je tsohon gari ka yi mini wannan iskancin?"

"Wane iskanci?"

"Kabari."

Ueli ya dube shi sama da ƙasa. "Ni da ake biya da awa, ina na ga lokacin gina maka kabari kyauta?"

Pelenato ya koma tsohon gari don ya rushe kabarin na shida. Ya kama dutse ɗaya, ya ji shi da ɗumi, ba ɗumin rana ba, irin ɗumin hannun mutum. Ya mayar da shi a hankali ya juyo gida.

Kirsimeti ta zo, Sieni ta zo. Ta taho da fasto, da dattijon unguwa, da buhunan siminti, da wata tsohuwa, Goggo Malama, ƙanwar kakarta, wadda a gidan aka haife ta. Idonta ya yi rauni, don haka da hannu take gani.

Ta dafa na farko ta kira sunan ubanta. Ta dafa na biyu ta kira uwarta. Na uku yayanta ne da ya rasu yana yaro. Ta yi musu magana ƙasa-ƙasa kamar suna ji.

Da ta zo na huɗu ta tsaya. Ta ɗauki dutse ɗaya, ta kankare fentin da farce, ta kai hanci.

"Wa ya yi aikin nan?"

"Ni ne, Goggo," in ji Pelenato.

"Ɗan nan, murhun uwata ka shafa wa fenti? Duwatsun gashin nama ne. Har yanzu suna ƙaurin alade."

Fasto ya rufe littafinsa. Sieni ta ce, "To Kawu Tuiasi fa, Goggo? Masuncin?"

"Wane ne haka? Mu duk zuriyarmu babu wanda ya iya ko tuƙa kwalekwale."

Dattijon unguwa bai ɗaga murya ba. "Pelenato, gobe ka same mu a zauren taro. Injin kuma ka rataye shi."

Pelenato ya durƙusa a yashi. "Biyu na gina, na amsa. Amma na shidan ba ni ba ne. Na rantse da Allah ba ni ba ne. Goggo, ki duba mini shi."

Aka kai ta. Ta ɗora tafin hannunta a kan yashin, ta shafa shi daga sama har ƙasa. Sannan ta janye hannun ta goge a zani.

"Wannan kam kabari ne. An haƙa shi, an gyara shi da kyau. Amma babu kowa a ciki, kuma ba namu ba ne."

"To na wa ne?"

"Kai ka sa masa farashi, kai ka karɓi kuɗinsa. Naka ne, ɗan nan."

Darasi: Ko da awa kake lissafi, ko jimla, ko ɗaya-ɗaya, ka je ka ga aikin kafin ka yanka farashi. In ka yi kuskure, ka buɗe baki ka nemi ƙari. Kunyar wannan ba ta kai ta ƙirƙiro aikin da babu shi ba. Ku tura wa duk mai sana'ar hannu da kuka sani, musamman wanda masu ba shi aiki ke nesa.