Sashen Cibiya a Ƙasar Dogon Gulbi

Ku gyara zama, ga wata nan na kawo muku, kuma kada wanda ya dube ni in gardama ta kaure.

A wata ƙasa da ake kira Dogon Gulbi, ranar da dattawa suka zauna rubuta tsarin mulki, manoma ne suka cika zauren. Sai suka rubuta cewa ɗan ƙasa shi ne wanda aka binne cibiyarsa a cikin ƙasar. A wurinsu magana ta ƙare, don ba su san ana yin wani abu da cibiya ban da binnewa ba. Sun manta da masunta, waɗanda tun kaka da kakanni kogi suke ba wa cibiyar jariri.

Inna Tasalla 'yar masunta ce, ta shekara hamsin tana fito da mutane a kwalekwale. Ba ta taɓa jin labarin wannan sashe ba sai ranar da aka kawo mata takarda, wai wanda ba ɗan ƙasa ba ba ya mallakar fili, don haka ta bar gidanta na bakin ruwa kafin damina. Ta yi dariya ta ce, "Ni ce baƙuwa? To daga ina na zo?" Da masu takardar suka tafi, sai ta zauna ta yi kuka, don ta tsorata ƙwarai.

Akwai mutum uku da ta riƙa tsallakar da su makaranta suna yara, kuma labari ya iske su duka.

Shamsiyya ta zama lauya. Ta shiga ɗakin tsofaffin takardu, ta sha ƙura wata biyu, har ta gano cewa cikin dattawan da suka sa hannu a tsarin mulkin akwai sarkin ruwa, wanda shi ma kogi ne ya ci cibiyarsa. Ta tambayi alƙalai ko mutum zai sa hannu a takardar da ta kore shi daga ƙasarsa. Alƙalai suka ce nufin dattawa shi ne duk mai tushe a nan, aka dakatar da korar. Sai dai uku ne suka yarda, biyu suka ƙi, kuma abin da kotu ta fassara yau wata kotun na iya juya shi gobe.

Namadi yana majalisa. Ya ɗauki hukuncin nan ya nemi a gyara sashen gaba ɗaya, abin da ba ya yiwuwa sai biyu bisa uku na 'yan majalisa sun amince. Ya bi su gida-gida, ya sha shayin mutanen da ko gaisawa ba sa yi, ya haɗiye baƙar magana da yawa. Ranar ƙuri'a gyaran ya tsallake da mutum ɗaya tak.

Saura jama'a su amince da ƙuri'arsu, ga shi kuma ana ta yaɗa cewa masunta za su ƙwace fadamu. Ɗan'azumi bai gama makarantar ba ma, direban motar kasuwa ne. Duk wanda ya shiga motarsa ya fara zagin gyaran, sai ya ce, "Alhaji, ɗanka da aka haifa a asibiti, ina aka binne cibiyarsa?" Kafin wata ya ƙare tambayar ta zaga kowace tasha da kowace kasuwa, kowa ya gane ashe wutar ta kusa gemunsa. Gyara ya wuce da gagarumin rinjaye.

Ranar da aka miƙa wa Inna Tasalla takardar gidanta, sai da bakin kogi ya cika. Aka soya kifi, aka buga kalangu, tsohuwa ta taka rawa har ɗankwalinta ya faɗi. Da ta huta, ta shiga ɗaki ta fito da filafilin tuƙin da ta gada wurin mahaifinta. Ta dubi su ukun ta ce, "'Ya'yana, guda ɗaya ne, kuma ba na so a raba shi." Ta miƙa hannu, sai hannun ya tsaya a tsakani.

To, ku da kuke zaune, wa za ta ba? Wadda ta sa kotu ta fahimci nufin dattawa, ko wanda ya sa aka gyara rubutun, ko wanda ya sa jama'a suka yarda?